Batirin Mai Gida, Idon Direba

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya tsaya a Dandalin Eagle Square ya shelanta cewa tallafin mai ya tafi, motoci da dama a Abuja suka koyi zaman gida. Kafin wannan rana litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Cikin 'yan kwanaki ta haura naira 500, kuma zuwa Oktoban 2024 ta tsallake naira dubu. Ma'aikacin da ke zaune a Kubwa, ko Lugbe, ko Mararaba ya zauna ya buga lissafi, ya ga albashinsa ba zai ɗauki zuwa Sakatariyar Tarayya da komowa kwana biyar a mako ba. Sai ya lulluɓe motarsa da tampol, ya shiga sahun masu jiran motar haya a bakin titi. Motar ta zama ta zuwa ɗaurin aure, ta kai marar lafiya asibiti, da ta tarbo baƙo a tashar jirgin ƙasa ta Idu. Hatta manyan da ke da mota uku sun koma hawa ɗaya, sauran biyun suna shan ƙura.

Abin da bai shiga wancan lissafi ba shi ne batir. Motar zamani, ko an kashe ta an zare makulli, ba barci take yi duka ba. Agogo na tafiya, na'urar ƙararrawar ɓarayi na sauraro, na'urar bin sawu na aika saƙo, ƙwaƙwalwar injin na riƙe da abin da ta haddace. Idan dukkansu suka haɗu suna tsotsar kashi ɗaya cikin ashirin na amfiya guda, wanda ba abin mamaki ba ne, to batirin da aka rubuta wa 60Ah a jiki zai rasa kusan rabin abin da ke cikinsa a mako uku. Zafin Abuja na watan Maris da Afrilu kuwa ƙara wa Barno dawaki yake yi, domin batir ya fi saurin zubar da cajinsa a cikin zafi.

Kuma ba a nan ɓarnar ta tsaya ba. A cikin batir akwai faifan dalma jere cikin ruwan asid, fasahar da wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro tun 1859, wadda har yau tushenta bai sauya ba. Duk lokacin da caji ya sauka, wani farin gishiri kan kwanta a jikin faifan. In an yi caji da wuri, ya narke ya koma cikin ruwan. In an bar shi makonni, sai ya daskare ya yi tauri, daga nan kuma wannan sashe na faifan ya mutu ke nan. Da yawa daga baturan da ake zubarwa a birnin nan ba tsufa ne ya kashe su ba, zama ne. Sabon batir mai kyau kuwa a yau yana iya lashe mafi ƙarancin albashin wata guda, wato naira 70,000 da aka sanya wa hannu a 2024, har ya nemi ciko.

Saboda haka wanda ya sayi ƙaramar caja ta jonawa a soket bai yi wauta ba. Cika batirin mota daga ƙasa har sama ba ya cin wutar da ta wuce kimanin yunit ɗaya, wanda ko a farashin rukunin Band A na Afrilun 2024 naira 225 ne. Babu wanda zai ajiye wannan kusa da kuɗin sabon batir ya yi dogon tunani. Haka nan ta fi dabarar da aka saba, ta tayar da mota a bar ta tana ruri minti goma a tsakar gida. Wannan ƙona fetur ne kawai. Altaneta an yi ta ne don ta riƙe batirin da ke da rai, ba don ta tayar da wanda ya kwanta ba, kuma minti goma a tsaye ba ya mayar da abin da mako uku ya cinye.

Caja abu ne mai kyau. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, wa ke jona ta, a ina, kuma cikin wane irin hanzari?

A gidajen manyan ma'aikata da masu riƙe da muƙamai, amsar a fili take. Ba mai gida ne ke durƙusawa gaban batir ba. Direba ne, ko mai gadi, ko yaron da ke riƙe da jaka da wayoyi. Yadda abin kan faru sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama a irin waɗannan gidaje. Daren Lahadi ne, an tuna cewa gobe da ƙarfe bakwai za a fita da babbar motar zuwa filin jirgi. An murɗa makulli, ta yi ƙas-ƙas ta yi shiru. Mai gida ya dubi direba ya ce, "Ka san yadda za ka yi, ni dai bakwai ta yi mini a hanya." Direba ya amsa da "To, ranka ya daɗe," domin ba shi da wata amsar. Ya kwance batir ya kinkima zuwa ɗakinsa na bayan gida, saboda can ne kaɗai akwai soket, kuma saboda in aka bar shi a waje aka sace, a albashinsa za a cire. Ya rufe taga don sauro, ya kunna maganin sauro mai hayaƙi, ya murɗa caja zuwa mafi ƙarfinta don ya cim ma bakwai, ya shimfiɗa tabarma taku biyu daga batirin ya kwanta.

Babu mataki ɗaya a cikin waɗannan da direban ya ɗauka don ganganci. Kowanne na da dalilinsa. Amma a haɗe, sun tara duk abin da ake bukata don batir ya fashe.

Dalilin shi ne, idan batir ya kusa cika, musamman in ƙarfin wutar da ke shigarsa ya wuce kimanin bolt 14.4, ragowar wutar ba caji take zama ba. Sai ta koma tsaga ruwan da ke cikin batirin gida biyu, ta fitar da iskar haidurojin da ta oksijin. Haidurojin ba ta da launi, ba ta da wari, kuma da zarar ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa ya kunna ta. Gaskiya ne batir guda ba kasafai yake cika falo mai faɗi da iska ba, kuma bai kamata a tsorata mutane da abin da ba haka yake ba. Haɗarin da ya fi kusa yana cikin batirin kansa da ɗan sararin da ke samansa, inda iskar ke taruwa da kauri. Da asuba direba ya farka a firgice, ya sunkuya, ya fizge wayar caja daga kan batir alhali cajar na kunne. Tartsatsi ya tashi daidai bakin ramukan da iskar ke fita. Murfin roba ya tarwatse, abin da ke ciki ya watsu sama, kuma abin da ke sama a lokacin fuskar mutum ce.

Abin da ke ciki ba baƙo ba ne ga mai karanta jarida. Shi ne ruwan batir da ake jin labarin an watsa wa wani ko wata a fuska don mugunta. Kusan kashi ɗaya cikin uku nasa asid ne mai cin nama. Mutane kan ji wancan labari jikinsu ya yi sanyi, amma su ajiye lita uku ko huɗu na ruwan nan yana tafasa kusa da matashin kan mai yi musu hidima.

Ka'idar kauce wa wannan ba ta da tsawo, kuma ba ta bukatar digiri. Jigonta ɗaya ne: kada a maƙala waya a kan batir, kada kuma a cire ta, sai cajar tana zare daga soket. A fara maƙala jar waya a kan da ke da alamar tarawa, sannan baƙar waya. Idan batirin na cikin mota, baƙar wayar ba a kan batir ya kamata ta zauna ba, a jikin wani tsiraicin ƙarfe na injin ko gangar motar, nesa da batir da bututun mai, ta yadda ko tartsatsi ya tashi, ya tashi inda babu iskar da zai kunna. Motoci da yawa na zamani ma suna da ƙusa ta musamman don wannan, kuma suna da na'urar auna batir a kan baƙin kai, wadda ke ruɗewa in an tsallake ta. Sai an gama wannan duka a jona soket. Wajen cirewa a bi ta baya: soket tukuna, a ɗan jira, sannan baƙa, sannan ja. In kuwa dole sai an kwance batirin daga mota, baƙin kai ake fara kwancewa, shi kuma ake ɗaurawa a ƙarshe, domin sifana da ta taɓa jan kai da jikin mota a lokaci guda tana iya yin ja kamar daga maƙera ta fito. Zobe da agogon ƙarfe ma haka. Batirin da ya kasa tayar da mota bai kasa gasa yatsa ba.

Sai batun sauri, wanda shi ne ainihin inda laifin mai gida yake. Batir yana son a ba shi kimanin kashi ɗaya cikin goma na girmansa: mai 60Ah ya sami amfiya 6, ya kwashe awa goma zuwa sha biyu in ya sauka ƙasa sosai. Wannan lissafi ba ya jin umarni, ba ya sanin matakin albashi. Wanda ya ce da ƙarfe goma na dare a cika masa mataccen batir kafin asuba, ya kuma ƙi jin uzuri, a zahiri ya ce ne a murɗa caja fiye da kima. Sakamakon shi ne zafi, tafasa, ƙarin iska, da lanƙwashewar faifan dalma. Ko batirin bai fashe ba, an rage masa kwana. Sauri ya haifi nawa, in ji masu iya magana. Da a ce an jona cajar tun ranar Juma'a da hantsi a ƙarƙashin rumfar mota, da babu abin da zai sa kowa ya kwana da ita.

Akwai masu cewa wannan duk tsoro ne na 'yan boko, tunda ga masu cajin batir nan a Apo da Kugbo da sauran garejoji, sun shekara suna jera batura goma-goma babu abin da ya same su. Wannan hujja tana da ƙarfi, sai dai ta juya ne a kan masu kawo ta. A duba inda suke aikin: rumfa ce buɗe ta ko'ina, iska na ratsawa. Ƙwararre a cikinsu yana kashe wuta kafin ya taɓa waya, yana sassauta murafun batir mai murfi, yana ɗora hannu ya ji zafi, ba ya bari a kunna taba a kusa. Abin da ya kare shi ba sa'a ba ce, sabo ne da aikin. Wanda ba shi da wurin da ya dace a gida, kai batirin ga irin wannan mutum shi ya fi, kuma an taimaki mai sana'a. Abin da bai dace ba shi ne a ɗauki kayan aikinsa a kai ɗaki mai rufaffiyar taga, a bar saninsa a gareji.

Ita kanta cajar ba ɗaya ba ce. Tsohuwar ƙira, mai nauyi da allura a fuska, ba ta san batir ya cika ba. Haka za ta yi ta turawa har sai an kashe ta ko ruwan ya ƙafe. Irin wannan ba a barin ta a tafi barci. Sabuwar ƙira mai sarrafa kanta tana rage wuta in batir ya kusa cika, ta koma ɗan ɗigo, kuma masu kyau a cikinsu ba sa sakin wuta in an juya wayoyin bisa kuskure. A garin da wutar lantarki ke zuwa ta ɗauke ba sallama, wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin babu mai iya ƙidaya awannin da batir ya sha in wutar ta ɗauke sau uku cikin dare. Sannan a duba rubutun da ke bayanta. Wutar Najeriya bolt 230 ce. Cajar da ta biyo but ɗin motar tokumbo daga Amurka sau da yawa ta bolt 120 ce, kuma soket ɗin farko da ta gani shi ne na ƙarshe. A duba ko ta dace da irin batirin: motocin da ke kashe kansu a danja kan zo da nau'in AGM ko EFB, na litiyam kuwa cajarsa daban ce kwata-kwata, haka nan manyan motoci da wasu bas-bas masu dizal bolt 24 suke amfani da shi. Ramin bolt 12 da ke jikin ƙaramin janareta ma ba caja ba ne ta tsakani da Allah, domin galibi ba ya iya tsayawa in batir ya cika.

Wani batirin kuma ba na caji ba ne ko da wace irin caja. Wanda cikinsa ya kumbura, ko ya tsage, ko yake yoyo, ya gama aiki. Wanda ya ɗauki zafin da hannu ba ya iya jurewa, ko ya soma warin ruɓaɓɓen ƙwai, a zare soket daga nesa a buɗe wuri. Mai murfi kuwa a leƙa a ga ruwa ya rufe faifan, da fitilar hannu, ba da ashana ba. In ya yi ƙasa a ƙara tataccen ruwan da ake sayarwa don batir, ba na rijiyar burtsatse ba, ba kuma ƙarin asid ba, domin ruwa ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan. Ƙaramar mita ta auna wuta tana raba gardama: bayan batir ya huta 'yan awanni, 12.6 cikakke ne, 12.2 rabi ne, abin da ya gaza 12 kuwa ya kwanta. Masu baturan inbata a ƙarƙashin matakalar bene ko kusa da gado, musamman masu ruwa, su ma wannan magana ta shafe su.

Me ya sa nauyin ya koma kan mai gida? Tun 2003, lokacin da gwamnatin Olusegun Obasanjo ta ɓullo da tsarin mayar da gatan ma'aikata kuɗi, aka janye motoci da gidajen hukuma daga hannun jami'ai da yawa, aka sallami direbobi masu yawa daga aikin gwamnati. Direban da ke tuƙa darakta a yau sau da yawa ba ma'aikacin ma'aikata ba ne, ɗan aikin darakta ne, albashinsa daga aljihu yake fitowa, ba shi da fayil a ko'ina. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, daga kashi ɗaya cikin ɗari na albashi da masu ɗaukar aiki ke zubawa. Mai karatu ya tambayi kansa ko sunan direbansa ya taɓa shiga wannan rajista. In bai shiga ba, to ranar da ido ya tafi, abin da zai biyo baya shi ne kuɗin magani na mako biyu, da "Allah ya kiyaye gaba," da neman sabon direba. Direba marar ido ɗaya kuwa ya rasa sana'a, ba aiki kawai ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Za a ce tsautsayi ne, kuma ba ya wuce ranarsa, amma wanda ya hana soket a waje ya kuma yanka wa'adin ƙarfe bakwai, da hannunsa a cikin ranar.

Abin da ake nema daga gare shi bai kai kuɗin cika tanki sau ɗaya ba: caja mai kashe kanta, tabarau na kare ido, da soket mai murfi a rumfar mota inda ruwan damina ba ya kaiwa, maimakon doguwar waya mai ɗauri uku da aka ja ta cikin ciyawa. Sai kuma abin da ba na kuɗi ba, wato izini. Direba ya san cewa yana iya cewa, "Yallaɓai, batirin ba zai cika kafin safe ba, a fita da ɗayar," ba tare da ya ji tsoron an ce ya raina mutane ba. Hadimai da masu tsara tafiye-tafiyen manya suna da rawa a nan, domin su ne suka san jadawalin mako tun ranar Alhamis.

A ma'aikatu da hukumomi, inda motocin aiki ke jere a bayan gini tayoyinsu na sacewa, abin ya fi sauƙin gyara kuma ya fi tsada in an bari. Jami'in sufuri da ke da caja biyu masu kyau, da rumfa, da littafin da ke nuna ranar da aka duba kowace mota, zai rage takardun neman sayen sabon batir da ke yawo daga tebur zuwa tebur. Ba kowa ne zai yi murna da raguwar irin waɗannan takardu ba, amma wannan zance ne na wata rana. Hukumar SON, da ke da tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su, ya kamata ta sa ido kan cajojin da ba su da suna, ba su da fiyus, wayarsu siririya kamar ta rediyo. Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya da ta Kiyaye Haɗurra kuwa, shafi guda mai zane cikin Hausa, Yarbanci, Ibo da Turancin buroka zai yi aikin da littafin cikin kwali ba ya yi, tunda wanda zai jona cajar ba shi aka rubuta wa littafin ba.

In kuma duk da haka ƙaddara ta faɗa, mintunan farko su ne komai. Ruwa mai tsabta, mai yawa, a buɗe fatar ido da yatsa a yi ta kwarara ba ƙaƙƙautawa na aƙalla minti ashirin, a tuɓe rigar da ta jiƙe, sannan asibiti. Ba madara, ba ruwan sukari, ba man shafawa. Jiƙaƙƙiyar kanwa tana kashe kaifin asid da ya zube a siminti, amma ko kusa kada ta je ido. Wannan ya sa bokitin ruwa ya kamata ya riga caja isa wurin, kuma ya sa aikin ya fi dacewa da rana, lokacin da akwai mutane a farke. Da ƙarfe huɗu na asuba, a ɗakin bayan gida, mutumin da ba ya gani sai ya laluba ƙofa tukuna, sannan ya tashi wani, sannan a nemi abin hawa, kuma motar da ke tsakar gida ita ce wadda aka cire wa batir.